Judo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zafin Randori da Jinyar Rauni

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan ji a bakin tabarma, wasu daga sababbin shiga, wasu daga iyayen yara, wasu kuma daga waɗanda suka daɗe suna yi har jiki ya fara yi musu magana. Na amsa su gwargwadon abin da idona ya gani da abin da jikina ya ɗanɗana. Ni mai horarwa ne, ba likita ba, don haka duk inda magana ta zama ta asibiti zan faɗa ƙarara.

Mene ne randori, kuma me ya raba shi da gasa?

Randori shi ne lokacin da mai horarwa zai ce kowa ya kama abokinsa a gwada kaye, ba tare da an tsara wanda zai kai hari da wanda zai faɗi ba. Shi ne ƙashin bayan judo. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882 (sunan Japan ne, bai haɗa komai da birnin Dabo ba), ya tace tsofaffin dabarun jujutsu, wato salon faɗan Japan na da, ya ware masu haɗari irin su naushi da hauri ya mayar da su darasin da ake yi a tsare, ya bar wa randori waɗanda mutum zai iya yi da gaske yau, gobe ya dawo ya sake yi. Wannan "gobe ya dawo" ɗin ita ce hikimar abin gaba ɗaya.

Gasa kuwa, wadda ake kira shiai, minti 4 ce, da alƙali, da sikeli, da mai nasara guda ɗaya. A randori babu mai rubuta wa ya ka da wa. Idan aka ka da kai sau biyar, kai kuma ka gwada sabuwar dabara sau goma ta shiga sau ɗaya, to ka ci riba a ranar. Wanda ya sandare hannuwa ya tura ƙugu baya na tsawon minti huɗu don kada a ce ya faɗi, shi ne ya koma gida hannu rabbana.

To da wane irin ƙarfi ya kamata in riƙa yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma amsarta ba ɗaya ba ce, domin randori hawa-hawa ne.

Akwai mai sauƙi, wanda ake ba juna hanya: ka shiga, idan shigarka ta yi kyau sai in faɗi ba gardama, ni ma in shiga ka faɗi. Akwai matsakaici, inda kowa ke kai hari da gaskiyarsa amma ba a yin taurin kai wajen kare kai. Ana kaucewa da ƙafa da juya ƙugu, idan an kama ka an kama ka. Sannan akwai mai zafi, irin na shirin gasa, da fafutikar kama riga da duk abin da ke cikinta. A ganina yawancin randorin mutum a mako ya kamata ya zauna a na tsakiya. Mai zafin kuwa yana da lokacinsa: makonnin da ke gab da gasa, tsakanin mutum biyu da nauyinsu da gwanintarsu suka yi kusa, waɗanda dukkansu sun san abin da suka shiga.

Ga yadda nake gane mutum ya wuce gona da iri ba tare da ya faɗa mini ba. Yana riƙe numfashi. Damatsansa sun ƙage tun a minti na biyu har ba ya iya dunƙule hannu. Idan ya rasa daidaito, maimakon ya faɗi shi kaɗai sai ya rungumo abokinsa su zube tare. Duk wanda na ga alamun nan a jikinsa nakan ce ya sassauta, domin ƙarfin da yake zubarwa ba ya zuwa wurin kaye, cikin tsoro yake tafiya.

Abin da sababbi ba su cika ganewa ba shi ne gudu daban, taurin jiki daban. Ana iya yin randori mai saurin gaske, ƙafafu na ta yawo, hari na bin hari, amma hannuwa a sake. Irin wannan ne ke gina ɗan judo. Kano ya bar ƙa'idoji biyu da kowane ɗalibi ke ji: amfani da ƙarfi ta hanya mafi dacewa, da kuma amfanar juna. Dukkansu a randori ake ganin wanda ya fahimce su.

Kuma ka yi magana kafin ku fara. "Yallaɓai, mu yi a hankali, kafaɗata ba ta gama warkewa ba." Ko kuma, "Ina da gasa nan da mako uku, za ka iya matsa mini?" Kalmomi ne 'yan kaɗan, amma sun hana rauni da yawa.

Na taso ina kokawa a gida. Zai taimake ni?

Ƙwarai. Ɗan kokawa yana zuwa da ƙugu mai ƙarfi, ya san taɗiya, ya san jin nauyin mutum a jikinsa, abin da wasu ke shekara biyu suna nema. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba. A kokawarmu, da zarar gwiwa ko hannu ya dafa ƙasa an gama, don haka jikinsa ya haddace cewa faɗuwa abin kunya ce, a guje mata ko ta halin ƙaƙa. Idan ya shigo judo da wannan, zai riƙa murɗa jiki a iska yana neman sauka da ƙafa, ko ya miƙa hannu ya tokare ƙasa. Nan ne gwiwar hannu ke gocewa. Sai kuma kama ƙafa da hannu a tsaye, wanda dokokin gasar duniya suka taƙaita tun 2010 suka kuma hana gaba ɗaya a 2013. Watanni ukun farko, abin da zai fi ba shi wahala shi ne yarda a ka da shi.

Wata guda ke nan ana sa ni faɗuwa kawai. Yaushe za a fara koya mini judo?

An riga an fara. Ukemi, wato iya faɗuwa, ita ce dabarar da za ka fi kowace amfani da ita a rayuwarka: haɓa a manne da ƙirji, baya a lanƙwashe, hannu ya mari tabarma a miƙe, numfashi ya fita.

Bari in faɗi dalilin da ya sa ba na sassauci a nan. A Japan, inda aka haifi wasan, wani malamin Jami'ar Nagoya mai suna Ryo Uchida ya bi diddigin bayanan makarantu, ya gano cewa ɗalibai 118 ne suka rasu a judon makaranta tsakanin 1983 da 2011. Da yawansu 'yan ajin farko ne da ba su daɗe da farawa ba, kuma abin da ya fi kashe su shi ne zubar jini a cikin kai. Kayen da sunansa ke yawan fitowa shi ne osoto gari, wanda ake share ƙafar mutum ya tafi ta baya. Idan wuya bai yi ƙarfi ba, kan yana fizguwa, ƙeya ta doki tabarma, ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta su tsinke. Iyayen yaran sun kafa ƙungiya a 2010 suka matsa lamba, hukumar judon ƙasar ta tsaurara ƙa'idojin koyarwa da na ba masu horarwa lasisi.

Saboda haka idan mai horarwarka ya hana ka randori na tsaye sai ukeminka ta nuna, ka gode masa. A wannan lokacin kana iya yin na ƙasa, newaza, inda babu faɗowa daga sama.

Akwai wani a wurinmu da duk wanda ya yi da shi sai ya ji ciwo. Ina da damar ƙin yi da shi?

Kana da ita, kuma babu rashin kunya a ciki. Ka rusuna ka ce ka gode, wannan zagayen za ka huta. Daga baya ka sami mai horarwa a keɓe ka gaya masa, don wataƙila ba kai kaɗai ke ƙorafin a zuci ba.

Sai dai ka bambance mutum biyu. Akwai gwanin da zai ɗaga ka sama ya sauke ka da ƙara, amma hannunsa na riƙe da hannun rigarka yana ja sama, ka tashi babu inda ke maka ciwo. Wannan ka riƙa nemansa, ko da zai ka da kai sau ashirin. Akwai kuma wanda bai iya ba sai ƙarfi, yana fizga, yana haurin ƙwauri da sunan share ƙafa, yana faɗowa a kanka. Mafi haɗari a kowane ɗakin horo yawanci ba mai baƙar ɗamara ba ne, wato gwani, ƙaton sabon shiga ne mai wata shida wanda ya koyi kaye biyu bai koyi tsayawa ba.

Wane rauni ne ya fi yawa?

Yatsu ne a gaba wajen yawa, sai kafaɗa da gwiwa da idon sawu. Amma gwiwa ce ke cin lokaci, ita ce ke raba mutane da wasan.

Na gani a kaina. Ranar ana gab da tashi, zagayen ƙarshe, kowa ya gaji. Wani yaro mai ƙwazo da ya fi ni nauyi ya zagayo bayana zai yi tani otoshi, kayen da ake zamewa ƙasa a ja mutum ta baya. Maimakon ya shimfiɗa ƙafarsa a bayan dugadugaina, sai ya zauna da duk nauyinsa a gefen gwiwata ta dama, tafin ƙafata kuma a kafe yake a tabarma. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an karya ɗanyen kara. Abin mamaki, zafin bai yi yawa ba. Na tashi na taka har bakin ƙofa. Kafin sallar isha gwiwar ta zama kamar ƙwarya. Jijiyar ciki ce ta tsinke, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Tun daga ranar ba na barin masu farar ɗamara, wato sababbin shiga, su yi wannan kaye a randori, kuma ba na barin kowa ya "ƙara ɗaya" bayan na ga ƙafafunsa sun fara jan ƙasa.

Irin wannan faɗowa a gefen ƙafa ce ta sa aka haramta kani basami, kayen almakashi. A 1980 Sumio Endo ya yi wa Yasuhiro Yamashita shi a gasa, ƙashin ƙafarsa ya karye. Idan zakara irin Yamashita bai tsira ba, ɗalibinka ma ba zai tsira ba.

Kafaɗa kuwa, yawanci saukowa ne a kan tsininta, ko tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. Duka biyun ukemi ce maganinsu.

Yaya zan gane ciwon gajiya da ciwon rauni?

Ciwon gajiya a tsoka yake, yana bazuwa, yakan zo washegari ko jibi, ɓangarorin jiki biyu duka, kuma idan jiki ya ɗumama sai ya lafa. Rauni kuwa kana iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, kana iya faɗin daidai lokacin da ya faru, kuma motsi ƙara shi yake yi.

Waɗannan ba a jira da su, asibiti ake tafiya: gaɓa ta canza kama, ba ka iya taka ƙafar ko taku huɗu, gwiwa ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan ko tana sulluɓewa ko tana maƙalewa, hannu ko ƙafa ya mutu ko yana tsiyayar zafi kamar wutar lantarki, ko numfashi na yi maka wuya bayan haƙarƙari ya bugu.

Na yi targaɗe. In gasa da ruwan zafi, ko in je wurin mai ɗori?

Kwana biyun farko ka bar ruwan zafi da man zafi da murza. Na san abin da iyayenmu za su fara kawowa ke nan, da kyakkyawar niyya, amma a wannan lokacin wurin yana zubar da jini a ciki, zafi kuwa ƙara buɗe hanyoyin jini yake yi. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba, ka ɗaga gaɓar sama da ƙirji idan ka kwanta. Bayan kumburin ya fara sauka sai motsi a hankali, gwargwadon abin da ba ya tayar da zafi. Gashi yana da amfani, amma daga baya.

Batun ɗori kuwa, ba raina kowa nake yi ba, amma mai ɗori ba ya ganin cikin gaɓa. Jijiyar da ta tsinke ba ta haɗuwa da ja da murɗawa, kuma ɗaurin da ya yi tsanani yana iya tare jini har a rasa hannu ko ƙafa. Likitocin ƙashi sun sha gani. Ka fara yin hoto. Ka kuma sani hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, don haka "hoto bai nuna komai ba" ba ya nufin lafiya lau. Idan gwiwa na ci gaba da yaudararka, ka nemi likitan ƙashi ya duba da hannunsa. Wanda ke kusa da Kano yana da asibitin ƙashi na Dala, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen ƙashi da na gashin ƙashi.

Kaina ya bugu, na ɗan ga jiri, amma yanzu na warware. In ci gaba?

A'a. Ka gama na yau, ko da kana jin za ka iya ɗaukar buhu. Ba sai mutum ya suma ba kafin a ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Jiri, ganin dishi-dishi, ciwon kai, manta abin da ya faru, duk sun isa. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi muni, musamman ga yara.

Zubar jini a cikin kai yana da yaudara: mutum zai tashi ya yi magana daidai, har ya yi dariya, bayan sa'a ɗaya ko fiye ya faɗi. Don haka kada a bar shi shi kaɗai a wannan rana, kada ya tuƙa mota ko babur. Idan ciwon kai na ƙaruwa, ko yana amai, ko barci na fizgarsa ba a iya tashinsa sosai, ko magana ta karkace, ko gefe ɗaya ya yi sanyi, ko ya yi farfaɗiya, a garzaya asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Komawa horo sai alamun sun ɗauke gaba ɗaya, likita ya amince, a bi mataki-mataki, randori ya zama na ƙarshe.

Idan kuwa wuya ne, mutum ya faɗi yana cewa ba ya jin hannuwansa ko ƙafafunsa, kada kowa ya ɗaga shi, kada a ja ƙafarsa, kada a zaunar da shi a ba shi ruwa. A riƙe kansa yadda yake har masu agaji su zo.

Shaƙa da murɗe hannu fa? Yaushe zan miƙa wuya?

Tun kafin ka ji zafi. Ka dafa jikinsa sau biyu da tafin hannu, ko ka buga tabarma da ƙafa, ko ka ce "maitta", wato na sallama. Shaƙar da ta zauna daidai tana toshe jijiyoyin jini na gefen wuya, kuma cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum na iya tafiya. Gwiwar hannu kuma ba ta ba da dogon gargaɗi. Mai kamun shi ma da nasa nauyin: ya matsa a hankali, ya saki nan take, kuma idan ya ji jikin abokinsa ya saki kada ya jira dafawa. Yara ƙanana ba a koya musu waɗannan a randori sam.

Amma ai Koga da Yamashita da rauni suka ci zinare. Me zai hana ni daurewa?

Gaskiya ne. A gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984, tsokar sharaɓar Yamashita ta dama ta yage tun a farkon gasa, yana ɗingishi ya kai wasan ƙarshe ya ci Mohamed Ali Rashwan na Masar. Rashwan ya ce bai nufi ƙafar mai ciwo ba, aka kuma ba shi lambar yabo ta wasa da mutunci. A Barcelona a 1992, Toshihiko Koga ya ji mummunan ciwo a gwiwa kwanaki kaɗan kafin gasa, ya shiga da allurar kashe zafi ya ɗauki zinare a ajin kilo 71.

Amma dubi inda Koga ya samu raunin: a randori ne, da abokinsa Hidehiko Yoshida na ajin kilo 78. Ko a wannan matakin, horon ne ya kusa cinye gasar. Sannan waɗannan mutane sun sayar da lafiyarsu ne don yini guda da suka yi shekaru suna jira, da likitoci a gefensu. Kai atisayen ranar Talata ne a gabanka, kuma akwai wata Talatar. Abin da nake so ɗalibaina su ɗauka daga labarin 1984 shi ne halin Rashwan: sanin inda ɗan'uwanka ke ciwo, da kame kai daga wurin.

Zan iya shan maganin kashe zafi in shiga horo?

Ban yarda ba. Zafi shi ne mai gadin da ke hana ka ƙarasa abin da ya fara lalacewa. Ibuprofen da diclofenac suna da amfaninsu na ɗan lokaci bisa shawarar likita, amma shan su kullum, a cikin zufa da ƙarancin ruwa, yana taɓa ciki da ƙoda. Tramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa matasan unguwanninmu. Ban da jaraba, yana rage hankalin da kake buƙata don kare kanka da abokinka, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Yatsuna sun kumbura, kunnena ya cika, ga wani zagaye a wuyana.

Yatsu: ka ɗaure mai ciwon da maƙwabcinsa da filasta, ka kuma koyi sakin riga idan an fizge da ƙarfi. Riƙon mutuwa shi ke cinye gaɓoɓin yatsu. Kunne: jini ne ya taru tsakanin fata da guringuntsi, a je asibiti a zuƙe a danne cikin kwanakin farko, in ba haka ba zai daskare a haka har abada, kada aboki ya soka maka allura. Zagayen nan kuma wataƙila makero ne, yana yaɗuwa a tabarma kamar wutar daji. Ka dakata, ka yi magani, ka wanke riga bayan kowane horo ka shanya a rana, ka yanke farce.

Yaushe zan dawo, kuma ta yaya? Zaman gida ya ishe ni.

Na san wannan ƙuncin. Watannin da na yi ina jinyar gwiwa, ba zafin ne ya fi damuna ba, jin cewa waɗanda na fara koya wa ɗaurin ɗamara suna wuce ni ne. Akwai ranar da na je na tsaya a waje ina jin ƙarar faɗuwa ta taga, na kasa shiga, na juya. Abin da ya taimake ni shi ne wani dattijo cikin manyanmu da ya aiko a ce in riƙa zuwa da rigata ko da zama zan yi. Na riƙa zama a gefe ina riƙe agogo, ina kallon ƙafafun mutane maimakon hannuwansu. Abin da na koya game da lokacin shiga kaye a wannan zaman ban koye shi ba a shekarun da nake tsakiyar fili.

Kalanda ba ta yanke ranar dawowa. Ƙaramin targaɗe na iya ɗaukar mako biyu ko uku, babba wata biyu ko fiye. Wanda aka yi wa aikin jijiyar gwiwa kuwa akasari ana maganar wata tara zuwa shekara kafin randori na gaske. Ma'aunin shi ne gaɓar tana lanƙwasuwa tana miƙewa kamar 'yar'uwarta, ƙarfinta ya kusa daidai da nata, kana iya tsalle da ƙafa ɗaya ka sauka ba fargaba, kuma washegari babu kumburi. Atisayen da likitan gashin ƙashi ya ba ka, mai gundura ɗin nan na roba da ɗaga ƙafa, shi ne judonka a wannan lokaci.

Dawowar kuma tsani ce. Motsi kai kaɗai, sai ucikomi, wato maimaita shiga kaye ba tare da kayarwa ba, sai kayar da wanda ya ba ka jiki, sai karɓar faɗuwa daga gwani, sai randori mai sauƙi da mutanen da ka zaɓa da kanka. Duk matakin da ya tayar da kumburi, ka koma na bayansa mako guda. Tsoro zai zo a karon farko da wani ya kusanci gwiwar. Ba rauni ba ne na zuciya, jiki ne ke tuna abin da ya same shi, kuma yana raguwa da maimaici.

Wanda ya ji maka ciwon ma ka neme shi. Yaron da ya faɗo mini a gwiwa ya daina zuwa don kunya, sai da na je har gidansu na ce ya dawo.

Lokacin zafi da azumi fa?

A watannin bazara ka matsar da horo zuwa sassafe ko bayan magariba, ka rage tsawon zagaye, ka ƙara hutu da ruwa. Rigar judo mai kauri ce, tana riƙe zafi. Wanda ya fara rikicewa ko tangaɗi a cikin zafi, a cire masa riga, a jiƙa shi, a kai shi asibiti. Da azumi, dabara da ucikomi mara nauyi kafin shan ruwa, randori kuma bayan an sha ruwa abinci ya faɗa, ko bayan asham. Masu rage nauyi don shiga aji ta hanyar ƙin shan ruwa da sa leda a jiki, wannan ganganci ne, ga yara kuwa ba na yarda da shi ko kaɗan.

Na haura shekara 40. Ban makara ba?

Ba ka makara ba, sai dai lissafinka daban ne da na ɗan shekara 20. Kyuzo Mifune, ɗan ƙaramin mutum mai dan na 10, wato matakin ƙoli na gwaninta a judo, yana randori da samari har cikin tsufansa, da kaucewa da sanin lokaci. Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiya kuwa tana jan ƙafa, don haka watanni shidan farko ka riƙe kanka ko da kana jin kuzari. Idan kana da hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon suga, ka ga likita kafin ka fara, ka kuma gaya wa mai horarwa. Sau biyu a mako ya isa, da kwana biyu a tsakani. Ka ɗumama jiki minti 15 cikakku, ka yawaita newaza, ka zaɓi abokan randorinka tun kafin a ce a kama, kuma idan aka ce saura zagaye ɗaya alhali ƙafafunka sun yi nauyi, ka zauna ka riƙe musu agogo.